Baffa da Lasifikar Masallacinmu

Ƙaurin dalma ne ya tono mini wannan zance. Ina zaune a teburina, a ɗakin karatun da nake aiki a Samaru, mai gyara ya durƙusa a bayana yana fama da tsohuwar talabijin ɗinmu, sai siririn hayaƙin nan ya doki hancina. In ba ka taɓa zama a shagon mai gyaran rediyo ba, ba za ka san abin da nake nufi ba. Ni a cikin ƙaurin nan na tashi, don rigunan baffana ko an wuni ana dirzar su da sabulu ba ya barin su.

Bari in gaya maka abin da ya kawo gyaran talabijin. Muna da wata al'ada a ɗakin karatun: duk wata sai a shimfiɗa tebur a bakin ƙofa, a tuna da wani abin fasaha da shekararsa ta zagayo, ko fim, ko littafi, ko rasuwar wani makaɗi, a jera littattafan da suka danganci abin a gefe don mai so ya ara. Ni ce mai zaɓen littattafan, kuma ina son aikin. To a wannan watan sai shugabanmu ya ce abin tunawa wani tsohon wasan kwaikwayo ne na talabijin da aka ɗauka a nan Samaru tun ba a haife ni ba. An samo kwafinsa, za a kunna shi a bakin ƙofa ya yi ta yi har wata ya ƙare. Ya ce ai ya ji labari Maigadin cikin wasan baffana ne, ya fashe da dariya har yana dukan tebur. Ni dai ban taya shi ba, don na san dariyar nan tun ina 'yar mitsitsiya, kuma ban taɓa son ta ba.

Gidanmu irin tsofaffin gidajen nan ne na Samaru, tun kafin a daddatsa su a mai da su ɗakunan hayar ɗalibai. Zaure, tsakar gida mai rijiya da bishiyar mangwaro, ɗakin Kaka a can ƙurya. Kaka ita ta haifi babana da ƙanensa, wanda muke kira Baffa. Ɗakin Baffa bango ɗaya ya raba shi da zaure. Shagonsa kuwa yana Sabon Gari, a layin masu kayan wuta, tsakanin wani Bayarabe mai sayar da batir da wata mata Ibo mai sayar da fitilu. Mutum ne dogo, siriri, mai kunya, in yana magana da kai ƙasa yake kallo.

Za ka ce to me ya kai mai kunya wasan kwaikwayo? Kaka ta sha ba mu labarin, kuma kullum da tsaki take farawa. Yana saurayi ne 'yan jami'a masu wasa suka ɗauko shi ya haɗa musu lasifika. Ranar da masu talabijin suka zo ɗauka, wanda zai fito a maigadi bai zo ba. Aka waiwaya aka ga Baffa tsaye da wayar wuta a hannu, aka ɗora masa wata tsohuwar kwat mai nauyi, aka miƙa masa gora da tocila, aka ce ba wani aiki ba ne, in ya ga kyanwa ta gifta ya yi ihun neman ɗauki kamar wanda ya ga ɓarayi. Ya kuwa yi. Allah ya ba shi murya mai dogon numfashi, ya ja ihun nan, ya ja, ya lanƙwasa shi, ya zube ƙasa gora ta yi nata wuri. Aka ce har mai riƙe da kamara sai da ya zauna don dariya. Suka lallaɓe shi ya ƙara musu 'yan fitowa kaɗan, daga nan ya ce ya isa haka, ya koma kan rediyoyinsa. Shi a ganinsa ya tuɓe kwat ya ba masu ita, magana ta ƙare.

Ashe an fara ke nan. Kowace Salla sai gidan talabijin ya maimaita wasan. A lokacin masu talabijin a unguwarmu ba su da yawa, sai a fito da ita ƙofar gida a ɗora kan benci, yara da manya a yi dandazo. Kashegari duk inda Baffa ya gifta sai ka ji an ce, Maigadi, ga kyanwa. Ka dai san halin mutanenmu. Wanda ya fito a ɓarawo a wasa, in ya shigo kasuwa sai a dafe aljihu. Wanda ya fito a malami, a kai masa yaro ya tofa masa addu'a. Ba mu iya raba mutum da rigar aro ba. Ba kuma ƙiyayya ba ce, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, son sa suke yi. Wani sai ya kinkimo rediyo lafiyayye ya kai masa shago don kawai ya ji ya yi magana. Ya je gaisuwar mutuwa, yana buɗe baki ya ce Allah ya jiƙan rai, sai ka ga masu makoki suna cije leɓe suna sunkuyar da kai.

Sai ya fara rage kansa. Ya rage magana, in ta zama dole ya yi ta ƙasa-ƙasa. Ya daina bin babban layi zuwa tasha, sai lungun bayan gida inda ake zubar da toka. Biki ko suna, ya aika da gudummawa ya zauna. Ranar Salla kuwa, da an sauko Idi zai shige ɗaki ya turo ƙofa, ba za a sake ganinsa ba sai shagali ya lafa. Ni Kaka ke aika da tuwonsa, in same shi zaune a bakin gado cikin sabuwar rigarsa, ga hayaniyar gari tana shigowa ta taga, shi ba inda za shi. A Sabon Gari ne kaɗai yake ɗan sakewa, don maƙwabtan shagonsa ba sa kallon wasan Hausa. Su kam Injiniya suke ce masa, su yi ta hirarsu da shi cikin Turancin kasuwa. Ranar Lahadi da suke rufe shaguna su tafi coci, sai ka ga Baffa ya rasa inda zai sa kansa.

Ni ban gaji haƙurinsa ba. A makaranta duk wadda ta ce mini 'yar Maigadi sai mun kwashi ƙasa, ko ta fi ni girma. Na sha komawa gida da yagaggen hijabi. Kaka takan ce da za a haɗa zuciyata da ta Baffa a raba biyu daidai, da kowa ya huta.

Abin da Baffa yake so a duniya ban san shi ba sai wata damina. Na taso daga Islamiyya da rana, hadari ya haɗo, na sheƙo a guje, ina shiga zaure ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Na tsaya ina matse hijabi, ruwa yana dukan kwanon rufi har ba ka jin maganar kanka. Sai na ji murya ta cikin bango. Kiran salla ne, cikakke, daga farko, ana jan sa a natse. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Ban taɓa jin an kira salla da daɗi haka ba, kuma ban gane mai muryar ba sai da na tuna ɗakin wa ke bayan bangon. Ruwan yana sassautawa, muryar ta ɗauke. Daga ranar na lura, duk sa'ad da hadari ya haɗo Baffa yana gida, sai ya tashi ya shige ɗaki. Da na gaya wa Kaka, ba ta yi mamaki ba. Ta ce tun yana yaro a makarantar allo burinsa ke nan, ya zama ladan, kuma malaminsu ya sha cewa muryar nan ta masallaci ce. Ta ce in kama bakina.

Masallacin unguwarmu ƙarami ne, yana kan kwanar layinmu. Lasifikarsa Baffa ne ya haɗa ta, shi ya hau ya ɗaure ta a kan ƙarfe, shi ke gyara ta in ta fara kukan nan mai huda kunne. Amma ko wajen gwaji ba ya magana a cikinta. Sai dai ya ƙwanƙwasa makirfo da ɗan yatsa, ya hura iska, ya miƙa wa ladan. Mu a cikin gida in mun ji ƙwas-ƙwas sannan huu, mun san Baffa ne.

Wata bazara, ana irin zafin nan da ko ƙadangare ba ya son motsi, zazzaɓi ya kwantar da ladan, tsoho ne dama. La'asar ta yi, ba mai kira. Liman ya duba ya ga Baffa yana haɗa waya, ya ce masa bismilla. Mu muna tsakar gida, innata tana tankaɗe, matan gida suna tsinkar zogale a gindin mangwaro, Kaka tana kan tabarma da mahuci. Aka yi ƙwas-ƙwas, aka yi huu. Sai muryar ta fito.

Mahucin Kaka ya tsaya. Kabbarorin farko unguwa ta yi tsit, har akuyar maƙwabta ta yi shiru, ni kuwa zuciyata kamar ta fito don murna. Da ya zo inda ake jan murya, ya ja ta da dogon numfashin nan nasa, sai wani yaro a waje ya gane. Ya ƙwala abin da suka saba faɗa, Maigadi, ga kyanwa. Wani ya karɓa. Dariya ta tashi a bakin layi, ta tsallaka katanga, ta shiga gida-gida, kana jin ta tana tafiya. Har a tsakar gidanmu na ga wata ta toshe baki da gefen zane, kafaɗunta suna rawa. Na yi kukan kura zan fita in sami yaron nan, Kaka ta cafke ƙafata ta ce in zauna, kiran salla ake yi. Baffa bai yanke ba. Muryar ta yi rawa, amma ya kai ta har ƙarshe. Kaka ta amsa kowace kalma a fili, hawaye na bin fuskarta, ita kaɗai a gidan.

Bayan an idar, liman ya biyo shi zaurenmu. Dattijo ne mai kirki, ba zan yi masa ƙarya ba. Ni na kai musu ruwa, na kuma laɓe a bayan ƙofa. Ya ce ya yi wa yaran faɗa, ya yi wa iyayensu, kuma bai taɓa jin kira mai kyau irin na yau ba. Amma ya ce salla ba wurin dariya ba ce, in Baffa ya ci gaba jama'a za su yi ta kwasar zunubi a dalilinsa, kuma sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Sai Baffa ya tambaye shi:

“Malam, to yaushe zan fita daga rigar nan?”

“Ka yi haƙuri har a manta,” in ji liman.

Yaya za a manta abin da ake tunatarwa kowace Salla? Baffa ya shirya takanas ya hau mota ya je gidan talabijin ɗin, ya roƙe su su daina sa wasan. Ya dawo da yamma ya ba Kaka labari a gajarce. Ya ce sun karɓe shi hannu bibbiyu, sun kawo masa lemo, ma'aikata sun fito daga ofis-ofis ana ɗaukar hoto da shi, babbansu ya ce ai shi dukiyar ƙasa ne. Ya faɗi abin da ya kawo shi, suka ɗauka wani sabon wasan ne, suka yi ta dariya. Da Salla ta zo aka sa wasan kamar kullum.

Ya yi tunanin barin gari. Na ji suna maganar da Kaka, ta ce ina ne talabijin ba ta kai ba, kuma ita ba ta barin ɗakin da mijinta ya bar ta a ciki. Babana a lokacin aiki ya kai shi nesa, Baffa ne ke riƙe da ita. Ya zauna. Tsohon ladan ya warke, daga baya ya rasu, aka naɗa wani, wannan ma ya tashi daga unguwar, aka naɗa wani. Kowannensu Baffa ne ya koya masa yadda ake riƙe makirfo. Shi ke share masallaci, shi ke cika butoci, sahun farko ba ya wuce shi. In damina ta zo ya shiga ɗaki. Ni abin nan ya tsaya mini a rai har na girma, na yi aure, na haihu. Mutum yana tsakiyar danginsa, ba wanda ya ɗaure shi, ba wanda ya zage shi, amma ko fursuna ya fi shi sararin buɗe baki.

Bayan rasuwar Kaka ne muryarsa ta fara dishewa. Muka ce mura ce, aka yi ta ba shi zuma da citta. Da abin ya ƙi, likita ya ce wani abu ne ya fito masa a maƙogwaro, sai an yi aiki. Aka yi, Allah ya ba shi lafiya, amma muryar ba ta dawo ba. Yanzu in zai yi magana sai ka kawo kunnenka kusa da bakinsa. Ya bar shago, gemu ya yi fari fat, yana zama a zaure da carbi.

Shi ya sa da shugabanmu ya kawo maganar teburin nan, na ce masa a nemi wani abin tunawar. Ya ce ai tarihi ne, ba nawa ba ne ba nasa ba, kuma an riga an sanar. Na jera littattafan raina a ɓace: na tarihin wasan kwaikwayo a ƙasar Hausa, na wasannin tashe, da wani kan yadda talabijin ta shigo Arewa. Sannan na je gida na durƙusa gaban Baffa na gaya masa, don kada ya ji a bakin wani. Na zaci zai juya mini baya. Sai ya yafito ni, na kawo kunne, ya ce in kai shi ya gani.

Na ɗauko shi a adaidaita da rana, na zaunar da shi kan benci a gefen teburin. Ɗalibai sun cika bakin ƙofa, wasu da jakunkuna a baya, ana kallo. Ga shi nan a talabijin, saurayi, cikin kwat ɗin nan, da gora. Kyanwa ta gifta, ihun ya tashi, ɗalibai suka kwashe da dariya har wani yana dafa bango. Na dunƙule hannu ina jiran wanda zai waiwayo ya nuna shi. Ba wanda ya waiwayo. Wata ma cewa ta yi, Baba, don Allah ɗan matsa, ta zauna a gefensa ta ci gaba da dariyarta. Wani ya ɗaga ɗaya daga cikin littattafan ya tambaye ni ko mutumin nan yana da rai har yanzu. Na dubi Baffa, ya girgiza mini kai kaɗan. Na ce wa yaron in aro zai yi ya kawo katinsa.

Da suka watse, Baffa ya jawo gefen hijabina. Na sunkuya.

“Kin gani? Ba su san ni ba. Yau da zan kira salla, ba mai dariya.”

Yana murmushi ya faɗa. Ni kuwa na shiga bayan kantocin littattafai na yi kukana, ba na jin kunyar faɗa maka.

Samaru ta canza, wannan gaskiya ne. Waɗanda suka yi dariya a ranar nan, wasu suna ƙasa, wasu sun sayar da gidajen sun tashi. Layinmu yanzu ɗalibai ne, kowace shekara sababbin fuskoki, ba wanda ya san kakan wani. Da ina ganin wannan babbar asara ce, ina cewa unguwa ta zama tasha. Yanzu ban san abin da zan ce ba. A unguwar da kowa ya san kowa aka hana baffana buɗe baki, kuma baƙin da ba su san shi ba ne suke ce masa Baba su wuce. An manta ɗin, amma sai da abin da ake jira dominsa ya tafi.

Muna isowa kwanar layinmu aka fara kiran la'asar. Wani matashi ne ladan yanzu, muryarsa tana fashewa a lasifika. Baffa ya sa mai adaidaita ya tsaya, ya saurara har aka gama, leɓunansa suna bin kiran. Sannan ya taɓa ni, na kawo kunne. Ya ce in aika a gaya wa yaron ya ɗan ja baya daga makirfo, yana cika matsawa kusa.